Ƙunshin Kaka Maliki

Kafin ku zage ni a kan abin da na yi ranar Talatar nan, ku tsaya ku ji irin gidan da na fito. In kun ji, mai zagi ya yi zaginsa, ban riƙe bakin kowa ba.

Sunana Asabe, ɗiyar Malam Almu, shekarata goma sha tara. A Zangon Maliki aka haife ni, wani ƙauyen Hausawa da ke bakin babbar tur'a, wato magudanar da ke kai ruwa gonakin gwamnati, tafiyar hantsi a kan jaki daga Suki. Innata ma a nan aka yanke mata cibiya. Amma in ka tambayi Babana ina ne garinsu, sai ya gyara zama ya ce maka, "Mu matahiya na. Kan hanyar Makka muke, sauka munka yi mu ɗan huta." Hutun nan, jama'a, bana shekararsa arba'in da takwas.

Kakana Maliki ne ya taso da iyalinsa daga ƙasar Sakkwato a ƙafa da niyyar hajji, Baba yana ɗan shekara goma. Da suka iso nan guzuri ya ƙare, aka kuma yi sa'a ana haƙar madatsar ruwa ta Sinnar, ana neman masu ƙarfi. Kaka ya ce a tsaya damina ɗaya. Damina ta haifi damina, har Kaka ya rasu bai ga teku ba. Gadon da ya bar wa Baba guda ne: ƙunshin tafiyarsa, an naɗe shi cikin ƙirgi, an ɗaure da igiyar rama, yana rataye a tsakiyar ɗakin Baba. An ce a ciki akwai haramin Kaka, da takalmansa, da gora, da allo. An ce ne, don ba wanda ya taɓa ganin cikinsa. Kowace shekara in an gama girbi, Baba zai ɗaga kai ya dube shi ya ce, "Bana hwa sai tashi." Inna ta ce, "Allah shi yarda," ba tare da ta ɗaga kai daga tsintar wake ba. An ce tafiya sannu-sannu kwana nesa. Mu dai sannu-sannun muka riƙe.

To matafiyi yana da dokokinsa, Baba ne kuma limaminsu. Matafiyi ba ya gini da jan bulo. Ba ya sayen gadon ƙarfe, shi ya sa Inna ta tsufa a kan angarib na igiya tana mafarkin gado mai rumfa. Babbar doka kuwa ita ce matafiyi ba ya dasa itace. Dawa, gyaɗa, kuɓewa, duk abin da zai nuna cikin wata huɗu, a shuka. Abin da ya wuce haka, wa za ka bar wa? Saboda haka duk faɗin Zangon Maliki babu inuwa ko ta ɗaure akuya, sai wata ƙatuwar kuka guda ɗaya a maƙabarta, a gefen hanyar mota. A garinmu matattu ne kaɗai suka yarda sun zauna. Kukar miya ma a kasuwar Suki muke saye, don ba mai iya haɗiyar tuwo da ganyen waccan.

In ka tsallaka tur'a akwai ƙauyen Larabawa, da gidajen bulo da famfo da makaranta da layin dogon yaro har bakin masallaci. Su ke da hawasha, wato gonar da gwamnati ke yanka wa ɗan ƙasa. Mu ke tsintar musu auduga. In sun so mu su ce Fallata, in sun ji haushinmu su ce Takari, in kuwa suna son a sauke musu buhu sai su ƙwala, "Ya Hajj!" Kowane namiji a garinmu Hajj ne a bakinsu, har wanda bai taɓa wuce garin Sinja ba. Mun sami sunan a arha, ba mu sami tafiyar ba.

Mutum ɗaya ne a Zango da ba ya amsa wannan kira, shi ne Salmanu ɗan Iya.

Kada ku sa ni kunya, eh, shi ne. Salmanu yana riƙe wa injiniyoyi sandar awo a sababbin gonakin Suki, amma in ka ga tafiyarsa ka ce shi ya haƙa kogin. Wando mai kari, farar riga an soke, agogo a hannun hagu wanda yake dubawa ko da ba inda za shi. A Suki sunansa Sulaiman Afandi. An taɓa ce masa "Ya Hajj" a tashar mota, ya bi ta gaban mutumin kamar da jakin baya ake. Ina sonsa, kuma na san halinsa, dukansu biyun gaskiya ne.

Wasiƙunsa Mati direban lori ke kawowa, a cikin kwalin shayi, sun sha turare har kuda ba ya sauka a kansu. Da Larabci yake rubutawa, tunda na yi aji huɗu a makarantar 'yan mata, kuma bai taɓa rubuta Asabe ba. Ga ta ƙarshe, na juya muku ita:

"Zuwa ga Sausan, hasken idona. Bayan gaisuwa mai ƙamshi. Lajna, wato kwamitin hukuma, za ta zo Zango ranar Talata don tantance masu neman jinsiyya. Na ba da sunan Babanki a matsayin shaida cewa kakana Audi ya zauna a ƙasar nan. In na sami takarda na sami hawasha, in na sami hawasha na ɗauke ki daga tsintar audugar wasu. In ban samu ba, ba ni da fuskar da zan tsaya gaban Baba. Don Allah ki sa Inna ta yi masa magana. Kalma ɗaya ake so ya faɗa: mun zauna."

Kalma ɗaya! Da ya ce a sa Baba ya haɗiye turmi da ya fi sauƙi.

Jinsiyya, ga waɗanda ba su sani ba, ita ce takardar zama ɗan ƙasa. Ba a ba ka sai an tabbatar kakanka ya zauna a nan tun kafin wata shekara da su kaɗai suka san dalilin zaɓenta. Shekara biyu ke nan dangin Salmanu suna zuwa neman aurena, shekara biyu Baba yana ba su amsa ɗaya: "Ɗiyata ɗiyar hanya ta, ɗan hanya nika ba." Bai ce a'a ba, bai ce i ba. Sa'o'ina duk sun yi ɗaki, wasu da goyo. Ni kuwa tob ɗin da na saya na lalle, wato lafaya ruwan ƙwai mai bakin zaren gwal, yana cikin akwati har ya fara warin kafur.

Ranar Lahadi, tun la'asar, Inna ta dafa wa Baba shayi mai kanumfari, ta zauna nesa kaɗan tana murza zare. Ni ina bayan ƙofa ina tankaɗe garin da na riga na tankaɗe.

"Malam, yaron ga na Iya..."

"Wane? Sulaiman Afandi?"

"Salmanu dai. Cewa anka yi ka hwaɗi sun zamna, shi ke nan."

"In dahwa Alƙur'ani in ce ubana ya zamna? Mutumin da ya mutu huskarshi na kallon gabas?"

"Kowa ma in ya mutu gabas aka juya shi, Malam."

Baba ya kurɓi shayi ya yi kamar bai ji ba. Can ya ce, "Abin da na sani shi nika hwaɗi."

Na aika wa Salmanu da amsa a bayan wasiƙarsa: "Bai yarda ba, bai ƙi ba. Ka san shi." Na sa hannu Asabe, da manyan baƙaƙe.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to mu ranar zama muka tashi fafewa. Salmanu ya ji a Suki cewa lajna tana duba alamun zama: gini, rijiya, itatuwa. Gini ba ya tashi a kwana ɗaya. Sai ga shi ranar Litinin da azahar a gaban lorin Mati, an ɗauro dogon yaro guda cur a baya, ya fi mutum biyu tsayi, an tumɓuko shi daga bakin tur'a da ɗan guntun saiwarsa. Baba yana gona. Suka haƙa rami a ƙofar gidanmu, suka kafa shi, suka tattake ƙasa, Salmanu ya watsa toka da kashin awaki a gindin don ya yi kama da tsohon wuri. Ni na ɗebo ruwa tulu shida. Ina zubawa ina addu'a, ban san ko ta halatta ba.

"Sausan, gobe in an tambaye ki, shekararsa bakwai," in ji shi, yana karkaɗe wandonsa.

"Asabe dai. Kuma wa zai tambaye ni? Mu da za mu kasance bayan zana."

"Ya salam! Ke komai sai kin yi gardama."

Da Baba ya dawo ya tsaya da fartanya a kafaɗa, ya dubi itacen daga sama har ƙasa.

"Wa ya dasa mani zama a ƙohwar gida?"

Inna ta leƙo da sauri. "Turke na, Malam. Na akuya."

"Turke da ganye?"

"Haka anka samo shi."

Baba ya dube ta, ya dube ni, ya je ya kwanto akuyar da hannunsa ya ɗaure ta a gindin. Kafin gari ya waye ta cinye duk ganyen da bakinta ya kai, ɗacin bai hana ta ba, wanda bai kai ba kuma ya sunkuyar da kai don kansa.

Talata da hantsi motar lajna ta iso, mutum uku: babban jami'i mai furfura a gefen kunne da tabarau, da magatakarda mai ɗauke da fayil, da ɗan sanda ɗaya. Aka rasa inda za a sa musu tebur. Salmanu, cikin sabuwar riga, ya ce ai ga inuwa a ƙofar Malam Almu. Aka kai teburin ƙarƙashin itacen da inuwarsa ba ta fi faifai ba. Maza suka zauna a tabarmi cikin rana, sun kai talatin, kowa da takardarsa a aljihu. Mu mata muna bayan zanan gidanmu, kowa ta huda inda za ta sa ido. Iya, uwar Salmanu, tana dama da ni, Inna tana hagu.

Jami'in ya share gumi, ya jingina bayan kujerarsa da itacen. Itacen ya yi tunani kaɗan, sannan ya kwanta a hankali ya bar shi a rana, akuya tana ihu. Saiwar ta fito fili da sabon sara a jikinta.

Wallahi na so ƙasa ta tsage. Jami'in ya dubi ramin, ya dubi Salmanu ta saman tabarau, ya ce da Larabci, "Ƙauye na huɗu ke nan da itace ya faɗo mini. Malesh, ba komai. Mu fara."

Aka kira Salmanu.

"Suna?"

"Sulaiman."

"A nan an rubuta Salmanu."

"Kuskuren magatakarda ne, ya afandi."

"Ƙabila?"

Salmanu ya dubi agogonsa. "To... ta wajen uba an ɗan taɓa yamma. Amma ta wajen uwa akwai jinin Larabawan Dindir."

Iya ta zabura har zanan ya motsa. Matar nan tsagar Gobir ce a fuskarta tun daga baki har kunne, ko makaho ya shafa ya karanta. "Ni?" ta ce. "Ni ɗiyar Gobir? Yau na ga ɗan..." Inna ta toshe mata baki da gefen mayafi. Ni dariya ta zo mini, na danne ta. Na ji kunyar abin da Salmanu ya yi, na kuma ji tausayinsa, don na san ba uwarsa ya raina ba, tsintar auduga ce ta gajiyar da shi.

Aka kira shaida. Baba ya taso da farar jallabiyarsa ta Juma'a, ya dafa Alƙur'ani.

"Ya Hajj, ka san kakan wannan yaron?"

"Ban kai ba tukuna, kada ka ba ni sunan da ban biya ba," in ji Baba, da Larabcinsa na kasuwa. "Na san Audi. Tare suka zo da ubana, shekarar haƙar Sinnar."

Magatakarda ya rubuta. Na ji Inna ta sauke numfashi.

"Kwayyis, madalla. Tun daga nan suka zauna a nan?"

"Ba su zauna ba."

"Sun tafi wani wuri?"

"Ba su tafi ba."

Jami'in ya cire tabarau. "Ya shaihi, daga ina kuke?" Baba ya nuna yamma. "Ina za ku?" Baba ya nuna gabas. "Nan fa?"

"Zango ne. Ai ga sunan nan a takardarka."

"Gida biyu ne a takardata," in ji jami'in, ba da faɗa ba, kamar mai gaya wa majiyyaci sunan ciwonsa. "Mazauni, ko mai wucewa. Abin da ka rantse a kai shi zan rubuta, kuma in na rubuta wa wannan, na rubuta wa duk wanda kakansa ya zo tare da su."

Maza talatin suka daina motsi. Baba ya ce, "Matafiya ne mu."

Na ga alƙalami ya sauka a kan takarda. Na ga ƙeyar Salmanu ta jiƙe. Na tuna tob ɗina a akwati, na tuna yatsun Inna da ƙayar auduga ta mayar kamar kara. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Ban san lokacin da na ture ƙyauren ba, sai ganina na yi a waje, mayafi a karkace, ba takalmi, a gaban duk mazan Zango.

"Ya afandi, ka tambaye shi wa ke kwance a gindin kukar can!"

"Asabe!" in ji Baba. Tunda nake bai taɓa kiran sunana da wannan murya ba.

Amma baki ya riga ya ɓalle. "Ubansa na can. Uwarsa na can. Audi kakan Salmanu na can, da yayyena uku da ban taɓa gani ba. Su ma hutawa suke yi su tashi?"

"Su ma tashi za su yi," in ji Baba a hankali, "ranar da aka busa ƙaho."

Wani tsoho ya ce Allahu Akbar. Jami'in ya yi murmushi ya ce in dai wannan ne, shi ma matafiyi ne, amma babu gidan rubuta hakan. Sannan ya juya ya ƙura wa kukar ido. Daga nan inda muke ana ganinta sarai, gindinta maza huɗu ba sa haɗa hannu a kansa.

"Irin wannan ba ta fitowa a ƙasar auduga don kanta," ya ce. "Hannunka na kan Littafi, ya shaihi. Wa ya dasa ta?"

Ina jin akuya tana tauna igiya. Baba ya dubi hannunsa a kan Alƙur'ani kamar hannun wani ne. Da ya buɗe baki da Hausa ya yi magana, ba ma da jami'in yake ba.

"Ni na dasa. Ina ɗan shekara sha biyu. Ƙwallo guda na ɗauka cikin guzurin uwata na tura ga kan kabarin ubana. Cewa na yi in mun dawo daga Makka in gane wurin."

Mutumin da ya hana gari dasa ko lalle shekara arba'in, ashe shi ya dasa itacen da ya fi kowanne girma daga nan har Suki. Ba wanda ya yi dariya. Da an yi da na fi samun sauƙi. Salmanu ya fassara wa jami'in. Jami'in ya soke abin da ya fara rubutawa, ya rubuta mazauni. Ya ce hatimi sai a babban ofis na Sinja, fayil yana hannunsa har sannan. Da aka gama da sauran, suka ja motarsu zuwa gefen hanya inda rassan kukar suka miƙo, aka kai musu kisra, wato wainar dawa, da miyar kuɓewa.

Na yi nasara, ko ba haka ba? To ku zo ku ga mai nasara a durƙushe a bayan rumbu tana kuka kamar an yi mata mutuwa. Na tona wa ubana asiri a gaban gari. Inna ta wuce ni sau biyu. A karo na uku ta ajiye mini takalmana ta ce, "Bakin ga naki, ba daga wajena kinka ɗauko shi ba."

Bayan azahar Baba ya aika a kira Salmanu da baffansa. Na lallaɓa na manne da zanan ɗakin, inda yake da ɓula. Na ga Baba ya hau turmi, ya kwance igiyar da ban taɓa ganin an taɓa ba. Ƙura ta zubo. Ya sauko da ƙunshin Kaka Maliki ya ajiye a tsakiyar tabarma.

"Salmanu."

"Na'am, Baba."

"Ko Sulaiman?"

"Salmanu, Baba."

"Yau hukuma ta rubuta ni mazamni, da bakina, da bakin ɗiyata. To mazamni ba shi da abin yi da kayan hanya. Na hwaɗa maku tun hwarko, ɗan hanya nika ba ɗiyata. Ga kaya. Wanda ya ɗauke su ya kai ɗakinshi ya rataye, shi na ba Asabe, a ɗaura Juma'a."

Baffan ya fara godiya. Salmanu ya dubi ƙunshin, ya dubi ƙofa. Hanya ɗaya ce daga gidanmu zuwa gidan Iya, kuma ta gaban kukar ta bi.

"Baba, in an jima kaɗan... in motar ta tashi..."

"Yanzu. Bisa kai, yadda ubana ya ɗauko su."

Kun ga tsohon nan? Duk wanda ya ce muku Malam Almu bai san duniya ba, bai san shi ba. Mutumin da ya rantse da safe cewa shi ɗan ƙasa ne mai jinin Dindir, a ce ya bi ta gaban lajna da ƙunshin Takari a ka, fayil ɗinsa a buɗe, ba hatimi. Na sa ido a ɓular ina kallon hannuwan Salmanu. Suna kan gwiwoyinsa, ba su motsa ba. Na ce a raina, Asabe, kin sayar da ubanki a kan mai agogo. Na rantse in ya ƙara duban ƙofar nan sau ɗaya, ko da hatimi goma ya zo ba zan aure shi ba.

Bai duba ba. Ya kwance agogon ya sa a aljihu. Ya durƙusa, ya tattara ƙarfinsa kamar mai shirin ɗaga buhun dawa, ya yunƙura. Ƙunshin ya tashi sama fiu, har ya yi taga-taga zai faɗi ta baya. Ya tsaya da shi a hannu, baki buɗe.

Baba ya matso dab da kunnensa, amma zana ba ta riƙe magana.

"Shekara goma sha ɗaya ke nan da gara ta cinye na ciki. Auduga na cusa, cikin wadda munka tsinta. Kai na biyu da ya sani. Riƙe bakinka, ka riƙe ɗiyata."

Ni ce ta uku, ga shi kuma na gaya muku. Na cusa mayafi a baki don kada a ji ni. Shekara goma sha ɗaya yana ɗaga kai yana ce wa audugar Larabawa bana sai tashi, shi kaɗai, ba wanda ya taya shi ɗauka.

Salmanu ya aza ƙunshin a ka ya fita. Na kifa turmi a jikin zana na hau. Ga shi can, wando mai kari, farar riga an soke, ƙirgin Kaka Maliki a bisa kai, ƙura na zubo masa a kafaɗa. Mata suka firfito. Iya ta tsaya a ƙofarta ta riƙe ƙugu, ban san ko guɗa za ta yi ko zagi ba. Ya tsallake dogon yaron da ke kwance, ya miƙe hanya, bai yi sauri ba.

Jami'in yana wanke hannu a gindin mota. Ya ɗago, ya gyara tabarau, ya bi shi da kallo har ya zo daidai da shi. Sannan ya ɗaga murya yadda duk Zango za ta ji.

"Ya Hajj!"

Salmanu ya tsaya. Ya juyo da kayan a kansa.

"Na'am," ya ce.

Jami'in ya goge hannunsa a hankici, ya miƙa wa magatakarda hannu ya karɓi fayil ɗin, ya cire murfin alƙalami da haƙori.

Ni kuwa na sauka daga kan turmi na je na buɗe akwati, na shanya tob ɗina ya sha iska. Ko me ya rubuta, Juma'a saura kwana uku.